TARIHIN KALMA: Daga "Scearp" Zuwa "Shaf-Shaf"



A makon jiya na ba 'yan aji aikin fassara, sai wani ya fassara mini "seven o'clock sharp" da "ƙarfe bakwai mai kaifi". Na yi dariya, amma fa irin wannan kuskure ne ke cinye wa yara maki a jarrabawa. Shi ya sa na ce bari mu bi asalin kalmar.

"Sharp" tsohuwar kalma ce. Ƙabilun Angil da Sakson da suka ƙetaro zuwa Birtaniya daga arewacin Jamus da Denmark a wajen ƙarni na 5 su ne suka zo da tushenta. A tsohon Ingilishi ana rubuta ta "scearp", tana nufin abin da ke yanka ko huda, kamar takobi da mashi. Har yau Jamusawa na cewa "scharf", mutanen Holan kuma "scherp". Tun a wancan zamani ana aron ta a siffanta mai saurin fahimta.

Bayan Nomawa daga Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da Latin suka yi ta kwararowa. A ƙarshen ƙarni na 14 "acute" ta shigo, daga Latin "acutus", 'yar uwar "acus", wato allura. Likitoci ne suka fara riƙe ta don cutar da ke tasowa da ƙarfi farat ɗaya. Ita kuwa "sharp" ta zauna a bakin kowa, ta ci gaba da tara ma'anoni: murya mai huda kunne, kwana mai tsanani a hanya. A ƙarni na 19 aka fara jingina ta ga lokaci, da ma'anar "daidai".

To ina Hausa a nan? Abin da Bature ya haɗa a kalma ɗaya, mu mun rarraba shi:

• Bakin wuƙa: kaifi
• Kan allura ko fensir: tsini
• Hankali: kaifin basira
• Lokaci: ƙarfe bakwai daidai, ko cif
• Ciwo: suka, kamar "ina jin suka a ƙirji"

Ku lura, "kaifi" suna ne, ba sifa ba. Idan ana son sifa, sai a ce "mai kaifi", ko "kakkaifa", jam'i "kaifafa", kamar yadda zafi ke ba da zazzafa da zafafa.

Wani abin sha'awa, kalmar ta riga ta shigo gidanmu. A Burokan na Najeriya ana ninka ta, "sharp sharp", ma'ana da sauri. Da Bahaushe ya ara, sai ya mai da "p" ta koma "f": shaf-shaf. Kalmar da ta fara a bakin takobi, yau da ita uwa ke aiken yaro kanti.

Don haka in kun ci karo da "sharp", kada ku yi saurin rubuta "kaifi". Ku fara duba me take siffantawa tukuna.

Allah Ya ƙara mana kaifin basira, amin.