Daga Wasiƙar Haɗibu zuwa Wayar Salula: Tarihin Tilasta Buɗe Sirri

A shekara ta 8 bayan Hijira, gab da buɗe Makka, Manzon Allah (SAW) ya aiki Sayyidina Aliyu da wasu sahabbai zuwa Raudatu Khakh, su karɓo wasiƙar da Haɗibu ɗan Abi Balta'a ya ba wata mata ta kai wa Ƙuraishawa. Matar ta musanta. Da suka tsananta mata, sai ta zaro wasiƙar daga cikin kitsonta. Bukhari da Muslim sun ruwaito ƙissar, kuma tana cikin dalilan da malamai ke kafawa kan halaccin keta sirrin mutum saboda maslahar jama'a.

Sai dai wannan togaciya ce. Asalin hukunci shi ne hani. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta haramta tajassusi, aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba. Saboda haka Mawardi, wanda ya rasu a 450 Hijiriyya, ya ƙayyade a Al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa muhtasibi ba ya bin diddigin abin da aka suturta, sai in amintacce ya ba shi labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. Ƙissar Haɗibu ta cika wannan ma'auni: labari tabbatacce, abin nema guda ɗaya sananne, da cutar da ta shafi rundunar Musulmi.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya bi tafarki makamancin wannan. Sashe na 37 ya kare sirrin gida da wasiƙu da hirar tarho, sashe na 45 kuma ya yarda doka ta taƙaita haƙƙin saboda tsaro. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta ba jami'ai damar ƙwace na'ura da warware bayanan da aka kulle cikinta, amma bayan samun sammacin alƙali.

A kan tituna kuwa, aiki ya saɓa wa nassin doka. Tsare matasa ana tilasta musu buɗe waya ya yawaita, har Sufeto Janar Mohammed Adamu ya hana binciken waya da kwamfuta ba bisa ƙa'ida ba ranar 4 ga Oktoba, 2020, kwanaki kaɗan kafin zanga-zangar EndSARS ta game ƙasa. Umarnin ya shafi mai sana'a a unguwar Television da ke kudancin kogin Kaduna kamar yadda ya shafi ɗalibi a Zariya, Musulmi ne ko Kirista.

A nan ne ƙiyasi ke buƙatar tsantseni. Abin da aka nema a Raudatu Khakh takarda ce guda. Wayar yau kuwa tana ɗauke da hotunan iyali, da asusun banki, da amanar mutanen da ba a tuhumarsu da komai. Buɗe ta ya fi kama da shiga gida a bincike kowane ɗaki. Don haka wanda ya kafa hujja da ƙissar Haɗibu, wajibi ne ya ɗauke ta tare da ƙaidojinta: tuhuma mai ƙarfi, abin nema ayyananne, da izinin alƙali. In ɗaya ya ɓace, abin da ya rage tajassusi ne, ko da mai yin sa yana sanye da kayan sarki. Allah shi ne mafi sani.