Tsiron Dawa da Iyakar Hukuma: Giya a Tarihin Madarunfa

An san Madarunfa da tafkinta da kuma kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta. Amma ƙasar tana da wani tarihi da ba a cika kawo shi a aji ba, wato na giyar Anna, manoman kwarin Gulbin Maraɗi waɗanda suka riƙe addinin kakanni. Lokacin da sarakunan Katsina suka yo arewa bayan faɗuwar birninsu a 1807, har suka kafa Maraɗi, sun tarar da waɗannan manoma a kan gonakinsu, sai aka zauna tare, kowa da al'adarsa.

Asirin giyar Anna yana cikin tsiro. Mata ne ke jiƙa dawa, su shanya ta a inuwa su rufe har ta fitar da tsiro, sannan a busar, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a bar ruwan ya yi tsami ya tashi. Tsiron ne ke mayar da garin hatsi ya zama zaƙi, zaƙin kuma shi ke komawa abin maye. Ana fitar da ita ranar gayya domin manoma, da wajen biki, da lokacin yanka ga iskokin gida. Guy Nicolas ya yi dogon nazari kan Annan Maraɗi, kamar yadda Joseph Greenberg ya rubuta kan Maguzawan Kano a 1946. Da Musulunci ya game ƙauyuka, sai tukwanen suka yi ta raguwa, giyar kwalba ta kamfanin Braniger ta samu kasuwa a birni.

Wannan tsiro shi ne kuma ya zama abin rigima a Japan, inda haraji ke bin yawan tsiron sha'ir da ke cikin giya. A 1994 kamfanin Suntory ya fito da Hops, mai tsiro kashi 65 cikin 100, ƙasa kaɗan da mizanin da doka ta kira giya. Wannan nau'i, happoshu, ya yi araha, jama'a suka rungume shi. Hukuma ta ƙara haraji a 1996, kamfanoni suka ƙara rage tsiron. A 2004 Sapporo ya baza Draft One a kasuwa, wanda ba tsiro a cikinsa sam, da sinadarin wake aka yi shi. Daga bisani gwamnati ta tsara daidaita harajin mataki-mataki daga 2020 zuwa 2026.

A Madarunfa layin da aka tsallaka na ƙasa ne. Bayan Zamfara da Katsina sun fara aiki da shari'a a 2000, masu sayar da giya da masu shanta sun riƙa ƙetarowa zuwa garuruwan bakin iyaka ta wajen Ɗan Isa. A Nuwamban shekarar, zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta kai ga ƙone mashaya da majami'u a Maraɗi.

Malamin da ke koyar da tarihin yankin yana da aiki a nan. Tsofaffin da suka ga gayyar Anna da idonsu suna ƙarewa, kuma sunayen tukwane da matakan dahuwa da waƙoƙin noma suna tafiya tare da su. Rubuta su ba ya nufin yabon shan giya. Adana shaida ne kan yadda mutanen kwarin suka rayu kafin tukwanen su yi sanyi.