Shaidar Baki da Shaidar Takarda a kan Asalin Kakanni

Duk wanda ya taɓa zama zauren alƙali, ko ya bi hakimi rangadi a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun, ya san da wuya a sami gidan da ba shi da labarin inda kakansa ya fito. In ka tambayi tsofaffi a Damaga da ƙauyukan da ke kewaye da ita, wani ya ce Barno, wani ya ce su Zamfarawan Dutsi ne, wani kuwa ya ce kakansu daga Alƙalawa ya taso, can asali kuma daga Masar. Wannan magana ba ta hira kaɗai ba ce, gama da ita a ke neman gadon gona, da ita kuma a ke neman rawani. Saboda haka ya kamata a san yadda za a auna ta.

Shari'a ba ta raina maganar tsofaffi ba. Malaman Malikiyya sun yarda da shaidar ji a kan nasaba, watau mutum ya shaida ya daɗe yana jin jama'a suna cewa wane ɗan wane ne. Amma sun sa sharaɗi kada a sami abin tuhuma a ciki. To, bari mu ɗauki maganar Alƙalawa da Masar mu gwada.

Alƙalawa ba ta zama birnin Gobirawa ba sai zamanin Sarkin Gobir Babari, wanda ya ci Birnin Zamfara, ya rasu wajen 1770. A 1808 jama'ar Shehu Usmanu suka ci birnin, aka kashe Sarki Yunfa, mutane suka watse. Daga nan zuwa yau an haura shekara 200, watau iyaye shida ko bakwai a jere. In gida ya ƙirga sunaye huɗu kaɗai har ya kai ga wanda ya bar Alƙalawa, to, ɗayan biyu ne. Ko dai an manta da waɗansu sunaye a tsakani, ko kuwa kakan daga wani garin Gobir ya taso, kamar Tsibiri da aka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, ko Sabon Birni da ta zo daga baya, sunan tsohon birni ya rufe na sabo. Ba ƙarya tsohon ya yi ba, labarin ne ya taƙaita a bakin mutane.

Maganar Masar kuwa tana cikin littafi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, cewa asalin Gobirawa Ƙibɗawa ne na Masar, suka zauna ƙasar Azbin har Buzaye suka fitar da su. Amma fa a lura, abin da a ke faɗi a zamaninsa ya rubuta, bai ga ƙaurar da idonsa ba. Zaman Azbin yana da mai ƙarfafa shi, gama Tarihin Kano ya ambaci zuwan Azbinawa Gobir zamanin Sarkin Kano Yakubu, kufan Birnin Lalle kuma yana cikin ƙasar Nijar. Masar kuwa ba ta da shaida ta biyu. Saboda haka a riƙe ta a matsayin abin da aka ce, kada a yi hukunci da ita.

Haka kuma takardun Turawa. Bayan sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, sai suka shiga rubuta tarihin gundumomi domin tsara haraji, har Arnett ya fitar da littafin lardin Sakkwato a 1920. Yawanci jami'in ya kan tambayi hakimi da fadawansa ta bakin tafinta, abin da suka gaya masa shi ya kan rubuta. Talaka da baƙo da bawa ba su cika samun shiga ba. Rashin sunan kakanka a ciki bai nuna babu shi ba, samunsa kuwa bai nuna an bincika ba.

Ga abin da ya kamata mai bincike ya yi. Ya tambayi tsofaffin gida ɗai ɗai, kada a taru wani ya gyara wa wani. Ya ɗaure kowane suna da abin da aka san shekararsa, kamar yaƙin Mafara zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1891 zuwa 1902, ko yunwar 1914, ko isowar jirgin ƙasa Ƙauran Namoda a 1929. Sa'an nan ya nemi rijistar alƙali da takardun En'e da aka tara a gidan ajiyar tarihi na Kaduna, ya duba wa ya rubuta, yaushe, daga bakin wa. Inda baki da takarda suka dace ba tare da ɗaya ya kwafo ɗaya ba, nan ne a ke kafa ƙafa. Inda suka saɓa, a rubuta duka biyu a bar wa na baya.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙon amanar labarinsu. Amin.