Sarkin Ruwa da Takardar Lasisi: Tarihin Tsaron Su a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Tun kafin zuwan Turawa, su a kudancin ƙasar Sakkwato iri biyu ne. Akwai na Sarkawa, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni tun zamanin daular Kabi. Akwai kuma su na gayya, wanda manoma ke yi da rani bayan an kai amfanin gona gida, domin nishaɗi da samun kifin miya. Wannan na biyu shi za mu duba, musamman a tafkunan da Gulbin Zamfara ke bari in ya janye daga fadamun Kebbe, da kuma Tafkin Romo na ƙasar Tambuwal.

A wancan zamani ba a san lasisi ba, amma kuwa ruwa yana da mai shi. Babban tafki yana hannun Sarkin Ruwa, shi kuma yana ƙarƙashin hakimi. In ruwa ya soma janyewa sai a hana shiga, har kifi ya ƙosa. Ranar da aka sa, a yi shela, mutanen ƙauyuka su hallara da homa da gora, a faɗa ruwa gaba ɗaya. Wanda ya yi satar shiga kafin ranar, a karɓe kayansa a ci shi tara, ga kuma kunya a idon 'yan'uwa. Irin wannan al'ada ce aka ƙawata a Argungu cikin 1934, sa'ad da aka yi su a Matan Fada domin karrama Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 ba su rushe wannan tsari ba, gama mulkinsu ta hannun sarakuna ya bi. Sarkin Ruwa yana da hakimi a bayansa, hakimi kuma yana da alƙali da 'yan dokan En'e. Amma bayan juyin mulkin 1966 sai aka raba sarakuna da 'yan doka da kotuna, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa En'e. Sarauta ta tsaya, ikon hukunci ya tafi.

Daidai wannan lokaci kuwa ruwan ya shiga matsi. Farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun ƙafar da tafkuna. Madatsar Bakolori ta 1978 da ta Goronyo ta 1984 suka rage ambaliyar da ke cika fadamun Rima, inda kifi ke hayayyafa. Ga taru na zaren roba mai ƙananan idanu, wanda ba ya barin ko ɗan tarwaɗa. Waɗansu ma suka riƙa zuba maganin ƙwari irin su Gamalin, su kashe babba da ƙarami.

Cikin 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar su a ruwayen cikin ƙasa. Ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta ƙayyade faɗin idon taru, ta kuma sa ba da lasisi a hannun jihohi. Daga nan gardama ta taso. Ma'aikata suna ganin in ba a rubuta masu kamun kifi ba, ba yadda za a san abin da ake ɗiba. Talakawa kuwa suna ganin wanda ke shiga ruwa sau ɗaya a shekara bai kamata a auna shi da mudun mai jirgi da taru ba. Har wa yau, ma'aikaci yana birni, ɓarawon kifi kuwa da dare yake fita.

Argungu ta nuna mana abu biyu. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016, alhali kuwa tun bayan na 2009 ba a sake yinsa ba sai 2020. Watau suna kaɗai ba ya tsare ruwa. Abin da ya sa ake samun giwan ruwa a Matan Fada shi ne hana su a wurin har ranar buɗewa, bisa tsohuwar al'ada.

Saboda haka, a ganinmu, takarda ba za ta maye gurbin Sarkin Ruwa ba. Shi ya san tafkin, ya san mai shigarsa, amma ba shi da ikon hukunci. Hukuma tana da ikon, amma ba ta kwana a bakin ruwa. In ba a haɗa su ba, yaran Tambuwal da Kebbe za su gaji homa da gora, su rasa inda za su jefa.