Pijo bashe: motar da ta ɗauki kasuwanninmu

Yau mun tuno da wata tsohuwar abokiyar wahala, Pijo mai buɗaɗɗen baya, wadda mu nan muke cewa bashe, 'yan uwanmu na Najeriya su ce a-kori-kura.

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fitar da 404 a 1960, shekarar da Nijar ta samu 'yancin kai. Samfurin ɗaukar kaya ya biyo baya a 1967. Inji iri biyu ne: na esansi mai lita 1.6, da na gazuwal mai lita 1.9. Na esansi ya fi gudu, na gazuwal kuwa ya fi haƙuri da sauƙin sha. A 1979 sai ga 504 bashe, wadda a cikin injunanta har da gazuwal mai lita 2.3. Tun 1975 ana haɗa Pijo a Kaduna, shi ya sa kayan gyara ba su yi wa Maraɗi da Damagaram nisa ba.

Me ya sa ta zauna da mu? Sifirin ɗin bayanta na faranti ne, yana ɗaukar buhunan hatsi, da awaki, da mutane bisa kaya. Ba kwamfuta a cikinta. In ta tsaya a daji, direba da karen mota su buɗe kabureta, su goge buji, a tura, ta tashi.

Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kayan gyara na Turai suka yi tsada, ga kuma Toyota Hilux tana cin kasuwa. Sannu a hankali bashe ta koma bayan gareji.

Mai son tayar da ita, kada fenti ya ruɗe shi. A fara duba shasi da ƙasan bodi, don tsatsa can take ɓuya. Sannan kan inji da lagireto, musamman na gazuwal, wanda ba ya son zafi ya yi masa yawa. Sai birki da wayoyin wuta. Fenti shi ne na ƙarshe.

Abin da ke damunmu shi ne, makanikan da ke gane ciwonta da kunne suna ƙarewa, gawarwakinta kuma ana saida su a kilo. In akwai ta a gidanku, ku kai yaro wajen tsohon makaniki ya koya kafin a kira mai sikeli. Allah ya jiƙan direbobinmu da suka riga mu.