Motar Beetle: Dalilin da ya sa sitata ke ƙin shiga filawil

A ranar 30 ga watan Yulin 2003 ne aka ƙera motar Volkswagen Beetle ta ƙarshe mai tsohon fasali a Puebla ta ƙasar Meziko, bayan da aka ƙera fiye da miliyan 21.

Motar dai, wadda iska ke sanyaya injinta ba ruwa ba, an riƙa harhaɗa ta a Legas daga 1975.

Babbar matsalar da masu ita ke fuskanta a yau ita ce ba kasafai ake samun wadda injinta da giyabos ɗinta na asali ne ba. An sauya wannan, an ɗauko wancan daga wata motar, kuma daga nan ne sitata, wadda kanikawa ke kira kik, ke fara gardama.

Haƙora 109 ko 130

Tushen matsalar shi ne sauyin da kamfanin ya yi a samfurin 1967, inda ya fara mayar da wutar motocin daga bolt 6 zuwa bolt 12.

Filawil, wato faifan ƙarfen da ke ɗaure a ƙarshen karanshaf wanda sitata ke juyawa don tayar da inji, yana da haƙora 109 a tsohon tsari. Na sabon tsari kuwa 130 gare shi, ƙanana kuma a matse.

Ƙaramar giyar da ke bakin sitata an yanka ta ne daidai da ɗaya daga cikin biyun. Idan aka haɗa ta da wanda ba nata ba, ko dai ta ƙi shiga, ko kuma ta shiga da wata irin ƙara tana gurje haƙoran, har a kai ga sauke inji don sauya filawil ɗin baki ɗaya.

Don haka filawil ne ke zaɓen sitata, ba batir ba. Kuma shekarar motar ba hujja ba ce. Hanya mafi tabbas ita ce a cire sitata, a sa wa haƙori guda alama ta ramin, a riƙa juya injin da hannu ana ƙidayawa.

Mutane da dama kan mayar da motarsu bolt 12 su bar tsohuwar sitatar da filawil ɗinta. Hakan na aiki, har ma ta fi sauri, sai dai tana bugun haƙoran da ƙarfi, kuma tana iya ƙonewa idan aka daɗe ana riƙe da makulli.

Bush ɗin da ake mantawa

Saɓanin motoci da yawa, sandar sitatar Beetle ba ta da madogara a gabanta. Wani ɗan zobe da ake kira bush, wanda ke cikin jikin giyabos, shi ne ke riƙe da ita.

Sandar ta bolt 6 ta fi ta bolt 12 kauri. Idan aka sa sabuwar sitata a tsohon giyabos ba tare da bush na musamman da ake yi domin wannan haɗin ba, sandar za ta riƙa lilo. Haka ma idan bush ɗin ya cinye: sitata za ta riƙa juyawa da nauyi tamkar batir ya mutu, kuma sau da yawa batir ɗin ake sauyawa a banza.

Wasu kan kauce wa wannan da sitatar samfurin mai giya rabin atomatik, wadda ba ta buƙatar bush, amma da filawil mai haƙora 130 kaɗai take aiki.

Har ila yau, filawil na bolt 12 ya ɗan fi faɗi, ta yadda sai an goge cikin tsohon giyabos kafin ya samu wurin juyawa. Idan ba a yi ba, injin na iya ƙin motsi da zarar an ɗaure notuna.

Kafin a sauke inji

Ba kowace gardama ce ke da alaƙa da haƙora ba. Idan aka murɗa makulli aka ji "ƙas" kawai, ko shiru, wuta ya kamata a fara dubawa.

Batir ɗin yana ƙarƙashin kujerar baya, makulli yana gaba, sitata kuma tana baya, saboda haka wutar kan raunana a doguwar wayar, musamman idan inji ya yi zafi. Ɗan rile kusa da sitata kan magance wannan. Akwai kuma wayar at da ke haɗa giyabos da jikin mota, wadda tsatsa ke hana ta aiki.

Idan kuwa ƙarar gurzar ba kullum take zuwa ba, to mai yiwuwa haƙoran wani ɓangare ne suka cinye, domin injin kan tsaya ne a wurare kusan guda. Sa motar a giya a ɗan tura ta zai kawo lafiyayyun haƙora gaban sitata, ta tashi a ranar, amma filawil ɗin na nan yana jiran sauyi.