Igiyar Dakatar da Aiki: Darasin Toyota Kan Yadda Ake Samar da Inganci

Gabatarwa

Masana'antu da yawa sun ɗora alhakin inganci a kan mutum ɗaya, wato mai duba kaya da ke tsaye a ƙarshen layi yana ware masu kyau daga masu aibi. Hujjar wannan maƙala ita ce, wannan tsari yana ƙara tsadar kaya, kuma ba ya hana aibin sake dawowa. Kayan da aka gano lahaninsa a ƙarshen layi ya riga ya ci ƙarfe da wuta da gumin ma'aikata; abin da ya rage sai a zubar ko a sake. Hausawa kan ce tun ran gini, tun ran zane. Tarihin kamfanin Toyota na Japan ya nuna yadda ake mayar da wannan hikima tsarin gudanarwa, ya kuma nuna abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da ita.

Daga masaƙa zuwa mota

Asalin tsarin daga saƙa ya fito. A shekarar 1924 Sakichi Toyoda ya kammala injin saƙa mai sarrafa kansa. An rataya ɗan siririn ƙarfe a kan kowane zaren tsaye. Da zarar zaren ya tsinke, ƙarfen ya faɗi, injin ya tsaya. Amfanin biyu ne: ba a saƙa yadi mai lahani, kuma ma'aikaci ɗaya yana iya kula da injuna masu yawa. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila ya sayi haƙƙin wannan fasaha a kan fam 100,000. Ɗan Sakichi, Kiichiro, ya kafa kamfanin motocin a 1937, ya tafi da wannan aƙida: gara aiki ya tsaya da a ci gaba da ƙera abu marar kyau.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Toyota ba shi da jarin da zai jibge kayan gyara a sito kamar yadda Ford da General Motors ke yi a Amurka. Injiniya Taiichi Ohno ya mayar da wannan rashi hanyar aiki. Kowane sashe ba ya ƙera komai sai sashen da ke gabansa ya aiko da kati mai nuna abin da yake bukata da adadinsa. Da kayan ajiya suka ragu, aibi ya rasa wurin ɓuya: idan ƙusa ta zo a karkace, nan take za a sani, domin babu tarin wasu da za a ɗauko a rufe ɓarnar. A daidai wannan zamani, a 1950, masanin ƙididdiga ɗan Amurka W. Edwards Deming ya koyar da shugabannin masana'antun Japan cewa mafi yawan lahani daga tsarin aiki yake fitowa, kuma gyaran tsari nauyin shugabanni ne. Toyota ya karɓi lambar yabo ta Deming a 1965.

Igiya a hannun ma'aikaci

Abin da ya fi bayyana wannan tunani shi ne igiyar da aka rataya a saman layin haɗa motoci. Ma'aikaci yana ɗaure kujera, sai ya ji noti bai shiga daidai ba. Ya miƙa hannu ya ja igiya. Fitila ta kama a allo tana nuna wurinsa, ƙararrawa ta kaɗa, shugaban rukuni ya iso cikin daƙiƙu. Idan sun gyara kafin motar ta kai iyakar wurin aikinsa, layi ya ci gaba. Idan ba su gyara ba, layin ya tsaya. Daga nan sai bincike. Ohno ya koyar da a maimaita tambayar dalili har sau biyar. Misalinsa sananne ne: inji ya tsaya domin fiyus ya ƙone, ya ƙone domin nauyi ya yi yawa, nauyi ya yi yawa domin boris bai sami mai ba, bai samu ba domin sandar famfon mai ta cinye, ta cinye domin ba a sa matata ba, ɓurɓushin ƙarfe yana shiga. Wanda ya canza fiyus kawai zai sake canza shi bayan 'yan watanni.

Shin al'adar Japan ce kawai?

An sha cewa wannan tsari ba zai yi aiki ba sai a cikin mutanen Japan masu ladabi da biyayya. Masana'antar Fremont da ke jihar Kalifoniya ta rushe wannan zato. General Motors ya rufe ta a 1982 tana da mummunan suna: yajin aiki, motoci masu lahani, da fashin zuwa aiki da ke kaiwa kusan kashi 20 cikin ɗari. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, haɗin gwiwar General Motors da Toyota. Mafi yawan ma'aikatan tsofaffin ne aka dawo da su, da ƙungiyar ƙwadagonsu. An tura ɗaruruwa zuwa masana'antar Toyota da ke Takaoka a Japan don horo, aka rataya musu igiya, aka tabbatar musu cewa jan ta ba laifi ba ne. Cikin 'yan shekaru ingancin motocinsu ya kusa kamo na Takaoka. Mutanen ba su canza ba, ginin ma shi ne. Gudanarwa ce ta canza.

Iyakokin tsarin

Adalci ya wajabta a faɗi rauninsa. Rashin kayan ajiya yana nufin matsalar dillali ɗaya tana iya tsayar da kowa. A Fabrairun 1997 gobara ta cinye wata masana'antar kamfanin Aisin da ke ƙera wa Toyota wani ƙaramin sashe na birki, layukan Toyota a Japan suka tsaya na kwanaki. Mafi muni, tsakanin 2009 da 2010 kamfanin ya janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur, har shugabansa Akio Toyoda ya amsa a gaban majalisar dokokin Amurka cewa saurin bunƙasar kamfanin ya wuce saurin horar da mutanensa. Wannan ya ƙara ƙarfafa hujjar: inganci yana zubewa ne a ranar da aka fifita yawan kaya a kan sauraron wanda ya ga matsala.

Kammalawa

Darasin ya shafe mu kai tsaye. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari na dichlorvos, irin wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, ya zarce iyakar miligiram 0.01 a kowane kilo. A tashar jiragen ruwa aka gano aibin, amma a sito aka aikata shi, ranar da aka zuba magani a buhu. Hukumomin sa ido kan ingancin kaya a Nijeriya, SON da NAFDAC, suna da muhimmin aiki, sai dai ba za su iya tsayawa a kan kowane buhu da kowane inji ba. Nauyin yana kan mai masana'anta: ya rubuta ƙa'idar kowane mataki, ya horar da ma'aikata a kanta, ya san dillalansa, ya kuma binciki tushen kowane lahani. Sama da duka, ya ba ƙaramin ma'aikaci ikon cewa a dakata ba tare da tsoron kora ko yankan albashi ba. Kamfanin da ke hukunta mai kawo rahoton aibi zai ci gaba da jin labarin aibin daga bakin masu saye, bayan asara ta riga ta auku.